Kada Alƙalami Ya Tafi Hutu

Jawabin da Jami'in Watsa Labaru ya yi wa 'yan ƙungiyoyin marubuta na makarantun sakandare a birnin Sakkwato, ana gab da tashi dogon hutu.



An umurce ni in yi muku magana a kan rubutun ƙagaggun labaru, watau labarun da mutum ya ke ƙirƙirowa daga kansa, ba tarihi ba, ba kuwa rahoton jarida ba. An kuma zaɓi wannan rana ne domin saura 'yan kwanaki a rufe makarantu, ko wa ya ɗaure akwatinsa ya nufi gida, ba a sake gamuwa sai cikin watan Satumba. Malamanku sun shaida mini cewa a cikinku akwai masu hannu, waɗanda suka fara labaru masu ma'ana tun zangon farko, har a kan karanta wa 'yan aji su yi tsit suna saurare. Amma sun ce abu guda ya ke damunsu, kuma ko wace shekara haka ya ke faruwa. Sai yaro ya tafi hutu da labarinsa rabi, ya komo da shi rabi. Wannan ma in an yi sa'a ke nan. Sau da yawa littafin ba ya komowa sam, ƙanne sun yage shi, ko yoyon ɗaki ya jiƙa shi, ko kuwa an ƙunsa ƙosai da babi na uku.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Muddin ana karatu akwai ƙararrawa, akwai malami mai tambaya, akwai abokai masu cewa, "To, daga nan sai me ya faru?" Ran da aka rufe ƙofar makaranta duk waɗannan sun tafi, sai kai da alƙalaminka. In ka rubuta ba mai yaba maka, in ka bari ba mai tsawata maka. A nan ne a ke gane wanda ya ke rubutu don malam ya ba shi maki, da wanda ya ke yi don labarin ya hana shi sakat.

Kada ku zaci ban san abin da a ke kira hutu a ƙasarmu ba. A ƙasashen Turai dogon hutu yana faɗawa ne sa'ad da sanyi ya sake su, su tafi bakin teku su miƙe ƙafa. Namu kuwa tsakiyar damina ya ke zuwa. Wanda gidansu ya ke Kware ko Wurno ko Bodinga ko Yabo ya san fartanya tana jiransa a bayan ƙyaure, ga maimai, ga shinkafar fadama, ga kiwo. 'Yan mata ga girki, ga wanki, ga rainon ƙanne. Na cikin birni ma, wani shagon mahaifinsa zai tsare, wani zai tafi koyon ɗinki ko gyaran waya, ga makarantar allo da Islamiyya ba ruwansu da hutun boko. Ba zan ce wa ko wa ya ajiye fartanya ya ɗauki biro ba, gama cikin da ba hatsi ba ya ƙaga labari. Abin da na ke roƙo rabin sa'a ne a yini, ko bayan sallar asuba kafin a fita, ko tsakanin azahar da la'asar sa'ad da gida ya yi shiru.

Mu yi lissafi, tun da ya ke ku 'yan makaranta ne. Hutun nan ya kan kai mako shida, wani lokaci ya ɗara. Mu ɗauki kwana 40, sauran mu bar wa zazzaɓi, da baƙi, da ranar biki. Shafi guda na littafin rubutu irin naku ya kan ci kalmomi wajen 150 in hannun mutum matsakaici ne. Shafi ɗaya a yini har kwana 40, kalmomi 6,000 ke nan, watau gajerun labaru huɗu cikakku. Mai yin shafi biyu kuwa zai komo da kalmomi 12,000, ya kama hanyar ƙaramin littafi. Kada ku raina wannan. Littattafan da aka kafa harsashin ƙagaggun labaru na Hausa da su, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, ba wanda ya kai shafi 100 a cikinsu.

Bari in tuna muku yadda aka same su. Cikin shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, wadda wani Bature Dokta Rupert East ya ke shugabanta, ta lura an koya wa yara karatun boko, amma ba su da abin da za su karanta don nishaɗi da harshensu. Sai ta sa gasa. East ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su ƙago labaru su rubuta, da farko kuwa suka ga abin banbaraƙwai, don a wurinsu alƙalami na ilmi ne, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara bayan an ci tuwon dare. Duk da haka aka sami waɗanda suka amsa, aka buga littattafai biyar. Malam Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, Malam Muhammadu Gwarzo ya rubuta Idon Matambayi, sa'an nan Malam John Tafida tare da East suka rubuta Jiki Magayi.

To, shekarun Imam nawa a lokacin? An haife shi cikin 1911, ashe shekararsa 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Ɓalewa kuwa na 1912 ne, shekararsa wajen 21, bai daɗe da fitowa Kwalejin Katsina ba. Da kaɗan suka girmi manyan cikinku. Ba su da lantarki a ɗaki, ba su da kwamfuta, ba kuma wani littafin labari na Hausa a gabansu da za su ce ga yadda a ke yi. Imam ya ci gaba ya yi Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939, kuma cikin Janairu na 1939 ya zama edita na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Mulkinsa ya ƙare cikin Janairu na 1966 ta hanyar da kuka sani, amma ɗan littafin nan da ya rubuta yana saurayi an juya shi da Turanci cikin 1967, an mai da shi majigi cikin 1976, har gobe kuma ana karanta shi a azuzuwa.

Yanzu ku sake duban sunayen nan biyar. Biyu 'yan Kagara ne mazauna Katsina, ɗaya Bauci, ɗaya ƙasar Kano, ɗaya Zazzau. Ba Basakkwace ko ɗaya. Wannan abin mamaki ne, domin in akwai birnin da aka gina bisa alƙalami a ƙasar nan, to, wannan ne da mu ke zaune cikinsa. Shehu Usmanu, da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sun bar littattafai ɗaruruwa a tsakaninsu, ba kuwa cikin hutu suka rubuta su ba, cikin hijira ne da yaƙi da ɗawainiyar jama'a. An gina Sakkwato cikin 1809, shekara uku bayan haka Bello ya gama Infaƙul Maisuri, shekarar da ta biyo Abdullahi ya gama Tazyinul Waraƙati. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ga aure, ga 'ya'ya, ga ɗalibai. A kusa-kusan nan ga Waziri Junaidu, wanda ya rasu cikin 1997, mai Tarihin Fulani. Ga Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu. Wajen makaɗa kuwa ba a magana, ƙasar da ta haifi Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, fadar da Jankiɗi ya yi wa waƙa, ba wanda zai koya mata sarrafa harshe. Fiƙihu muna da shi, tarihi muna da shi, waƙa muna da ita. A fagen ƙagaggen labari ne kawai aka bar mu a baya. Akwai marubutanmu a yau, maza da mata, ban raina ƙoƙarinsu ba, amma in ana lissafin garuruwan da suka yi suna a wannan fage, Kano a kan fara ambata, da Katsina, da Zariya.

Ba kuwa labaru ne ba mu da su ba. Tsakanin 1911 da 1913 aka buga wani babban littafi mai juzu'i uku na tatsuniyoyi da labarun Hausa a Birtaniya. Da yawa daga abin da ke ciki malaman ƙasar nan ne suka rubuta da ajami, Razdan Burdon na Sakkwato ya tara, ya miƙa wa wani jami'in mulki mai suna Frank Edgar. Sunan da ke bisa bangon littafin na Edgar ne. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, cikin 2015, wani marubuci haifaffen Kaduna, Elnathan John, ya fitar da littafi da Turanci mai suna Born on a Tuesday, labarin wani almajiri, kuma yawancinsa a cikin birnin nan ya ke faruwa. An juya shi da Jamusanci da Faransanci. Mutane a Turai da ba su taɓa taka ƙasar nan ba, hoton Sakkwato da ke cikin kansu shi ne wanda ya zana musu. Bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. A cikin waɗanda suka karanta akwai masu cewa ya faɗi gaskiya, akwai masu cewa ba haka mu ke ba. To, wanda ya ce ba haka mu ke ba, ba gunaguni ne maganinsa ba, sai ya sayi littafin rubutu.

Na san akwai wata magana da wasunku za su tarar a gida. Wani uba zai ga ɗansa ya duƙufa, ya tambaye shi me ya ke rubutawa, in ya ji ƙagaggen labari ne ya ce, "Ashe ƙarya ka ke koyo." Kada ku yi musu da iyaye, amma ku san amsar a ranku, in an ba ku dama ku faɗe ta cikin ladabi. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba don a gaskata ya faru. Mai labari kuwa da mai sauraro duk sun san ƙagawa aka yi, ba wanda aka ruɗa. Malamanmu na zaure ma sun san wannan tun da daɗewa. Littafin Maƙamatu na Hariri, mutumin Basra da ya rasu cikin 1122, wanda manyan ɗalibai su ke karantawa don ƙwarewa a Larabci, labaru ne guda 50 na wani shaƙiyyi Abu Zaidi, wanda ba a taɓa haifarsa ba. Kalila wa Dimna kuma dabbobi ne su ke magana, an kuwa yi ƙarnuka ana koya wa 'ya'yan sarakuna hikimar mulki da shi.

Sai dai tsoron iyaye ba na banza ba ne ɗungum. Cikin 2007 hukuma a Kano ta tara wasu littattafan soyayya ta ƙone su a bainar jama'a. Ni ban ga ƙona littafi maganin kome ba ne, amma kukan da ya jawo haka, watau batsa da koyar da rashin kunya, akwai marubutan da suka ba da ƙofarsa. Saboda haka ga iyakoki. Kada ka rubuta abin da ba za ka iya karantawa gaban yayarka ba. Kada ka ɗauki maƙwabcinku da sunansa da unguwarsu ka sa shi ɓarawo a labari, wannan ba ƙagawa ba ce, ɓata suna ne, shari'a kuma tana iya hawa kanka. Sa'an nan, mu nan Sakkwato musamman, kada wani ya ƙaga magana ya sa a bakin Shehu ko Bello ko Nana Asma'u. Abin da suka faɗa yana rubuce. In kana son zamaninsu, ƙagi ƙaramin mutum ka tsai da shi a gefe, mai ɗebo ruwa, ko mai kiwon doki, ka nuna mana abin da idonsa ya gani.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da a kan yi mini, wai me za a rubuta. Ku dubi tarihinku. Ran 15 ga Maris 1903 aka yi karo da Turawa a Giginya, nan bayan gari. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, manoma suka bar gonaki, mata suka ɗauki 'ya'ya. Shi ya yi shahada a Burmi cikin Yuli na wannan shekara, waɗanda suka tsira kuwa wasunsu suka ci gaba da tafiya har Sudan, inda jikokinsu su ke zaune a garin Mai Wurno bakin kogin Nilu. Littattafan tarihi sun ba mu ranaku da sunayen sarakuna. Amma yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka tasa cikin dare, ta bar 'yar akuyarta a ɗaure, ta taka daga nan har Nilu, me ta ci a hanya? Wa ta binne? Da ta tsufa, da wane harshe ta ke mafarki? Ba malamin tarihin da zai amsa wannan, don ba takardar da ta ajiye shi. Aikin mai ƙaga labari ne. Haka kuma 'Yan Taru, matan ƙauye da su ke takowa wurin Nana Asma'u neman ilmi, jajinsu a gaba da malfa a ka. Tafiyarsu guda ɗaya, daga fitowa gida har komawa, ta isa littafi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iyawa. Cikin 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, har da Birnin Ƙonni da ke tsallaken Illela. A Lugu wata Sarauniya ta tsaya ta yaƙe su. Labarin yana nan a bakin tsofaffi har Abdoulaye Mamani ya mai da shi littafi cikin 1980, aka yi majiginsa cikin 1986, duniya ta san ta. Wanda ya ke cikin birni lokacin hutu, ya ba da yini ɗaya ya ziyarci Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ya ga takardu da kayan da, ya kuma zauna da kakarsa ya yi ta tambaya tun tana da rai.

Amma ba lalle sai an koma baya ba. Cikin Satumba na 2010, yawancinku kuna goye, wasu ma ba a haife su ba, gulbin Rima ya cika ya batse, ya cinye gonaki da ƙauyuka, ya karya gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ko wane gida a bakin gulbin nan yana da labarin wannan dare. Sa'an nan ga abin da ya fi wannan ciwo. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar gabashin jiharmu, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo. Ba na shakka a cikin ɗakin nan akwai wanda ba zai tafi garinsu hutu ba bana, don garin ya watse, ko hanyar ba ta biyuwa. Akwai wanda gidansu cike ya ke da dangin da suka gudo. Mu ma'aikatan watsa labaru abin da mu ke iya bayarwa shi ne adadi, mutum kaza, ƙauye kaza, buhu kaza na taimako. Adadi kuwa ba ya kuka, ba ya jin yunwa, mai karatu ya kan gani ya juya shafi. Amma in ɗayanku ya rubuta mana labarin dattijo guda, mai rumbu uku a da, yau yana zaune a zauren ƙanen matarsa yana jin kunyar miƙa hannu ga akushi, wanda ya karanta ba zai manta ba. Bayan shekara hamsin, sa'ad da Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, jikokinku za su so su san yadda aka ji, ba yadda aka ƙirga kaɗai ba. In ba ku rubuta ba, wani zai zo daga nesa ya rubuta, ko kuwa a manta.

A nan ma sai da hankali. Wanda ya ba ka labarin abin da ya same shi amana ya ba ka. Ka nemi izininsa, ka sauya suna, ka sauya gari, don kada alƙalaminka ya jawo masa wata masifa. Kada kuma ka mai da labarinka makamin zagin wata kabila. Mugu mugu ne da sunansa, ba da sunan kakanninsa ba, kuma marubucin kirki ya kan iya shiga zuciyar wanda ba nasa ba ya ga abin da ke ciki.

Abin da ba na so ku komo mana da shi, shi ne labarin nan da aka riga aka rubuta sau dubu. Kun san shi. Saurayi ɗan attajiri, gida mai hawa uku, mota mai baƙin gilashi, yarinya fara mai gashi har gadon baya, kishiyar uwa mai zuwa wurin boka. Ba a hana soyayya ba, ai da ita aka haife mu duka. Amma soyayyar da aka kwaso daga finafinan Indiya aka sa mata hula da gyale, mai karatu yana jin warin aro tun shafi na biyu. Ɗan majemi da ke son 'yar malamin unguwarsu, hannunsa kuwa ba ya rabuwa da warin bagaruwa, wannan labari ne, don akwai abin da ya ke so, akwai abin da ya tare masa hanya, kuma ba wanda zai rubuta shi daidai sai wanda ya taɓa wucewa ta majema. Fatar jar akuyarmu ta yi suna har Turai tun kafin zuwan Turawa, amma da sunan Maroko aka san ta can, don ta can ta ke bi. Kada labarunmu su bi sawun fatar.

Ga kuma maganar harshe. A aji an koya muku daidaitacciyar Hausa, ita ce kuwa ta kamata ku yi bayani da ita, don na Kano da na Damagaram da na Kumasi su karanta ba wahala. Amma in tsohuwa 'yar Gwadabawa ta buɗe baki a cikin labarinka, kada ka sa ta yi Kananci. Bar ta ta ce, "Mi kac ce, ɗiyana?" Bar ta ta ce munka zo, sunka tahi, wagga magana. Wasunku suna jin kunyar Sakkwatanci a rubuce, sai ka ce wani aibi ne, alhali kuwa shi ne jarin da ku ke da shi wanda marubucin Kano ba shi da shi. Hutu ne lokacin tara wannan jari. Wanda aka aika kasuwar Kara, ya tsaya ya ji yadda dillali ya ke yabon ragon da bai taɓa gani ba sai yau. Wadda ta ke gidan biki, ta ji yadda mata su ke habaici ba tare da an kama suna ba. Da an komo gida a rubuta, kafin barci ya share.

Da yawanku a waya ku ke rubutu, ku aika ta WhatsApp ko Facebook, babi-babi. Ban hana ba, ta kawo masu karatu da Imam bai taɓa mafarkinsu ba. Amma waya ta kan faɗa ruwa, a kan sace ta, caji ya kan ƙare, kuma labarin da ya shiga hannu goma ya kan fito da sunan wani. Ku fara a takarda, ku sa kwanan wata a kan ko wane shafi, littafin kuma a sa shi cikin leda a ajiye inda yoyo da ƙanne ba su kai. Akwai kuma wata illa. Mai sakin babi yau don a yaba masa gobe ba ya samun damar komawa ya gyara, sai ya riƙa bin son masu tafi, labarin ya yi ta tsawo ba ya zuwa ko ina. Gama shi tukuna. Ka ajiye shi kwana uku, sa'an nan ka tara ƙannenka da dare ka karanta musu da ƙarfi. Inda suka fara hamma ko tsokanar juna, sa alama, nan ne za ka yanke. Wajen kwafewa kuma a kula da ƙugiya, don baƙi da baki ba ɗaya ba ne, haka ɓata da bata.

Ƙannena mata, ku ne hutu ya fi cinye wa lokaci, ku ne kuma kuka fi riƙe wannan fage a yau. Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wadda ta daɗe da zama a Gusau, ita ce mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen littafi na Hausa, So Aljannar Duniya, cikin 1980 a Zariya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma neman ilmi, kuma cikin 2012 aka buga fassarar littafinta Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a ƙasar Indiya. Cikin 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labaru domin mata. Wadda ta saba gama labari tun tana sakandare, ran da shekarunta suka kai na shiga irin wannan gasa ba za ta tsaya tana neman bakin zare ba. Iyaye mata da yayye kuma, don Allah in an ga yarinya ta gama aikinta ta ɗauki littafi, a bar mata rabin sa'ar nan, kada a ce zaman banza ta ke yi.

Sa'ad da aka komo cikin Satumba, ko wa ya kawo littafinsa wurin malamin ƙungiyarsu a makon farko, ko an gama ko ba a gama ba. Wanda ya yi shafi 40 ya kawo, wanda ya yi 9 ma ya kawo. Ku kuma iyayena malamai, ina da roƙo guda gare ku. In yaro ya miƙo, a ajiye jan biro tukuna, a karanta labarin har ƙarshe, a gaya masa wurin da ya kama zuciya, sa'an nan a komo kan waƙafi da aya. Waɗanda suka fi kyau a ba masu su dama su karanta a gaban taron makaranta, a kuma kwafe su a ajiye a ɗakin karatu da sunan mai su da shekarar da ya rubuta.

Shugaba, iyakar abin da ke bakina ke nan. Allah ya kai ku gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka.